Maganar da Na Yi a Bakin Famfo a Treichville

Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da huɗu, wata takwas da tarewata, kuma ban taɓa wuce Zariya ba kafin a kawo ni Abidjan. Mijina yana da shagon atamfa a Adjamé, in ya fita da sassafe sai magariba. Ni kuwa ina zaune a unguwar Biafra cikin Treichville, a irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Faransanci ko na gaisuwa ba na ji. Amma baki kam Allah ya ba ni, tun a gidanmu ake cewa in rage surutu, ban rage ba.

Komai na garin sai na ga aibunsa. Mata su fito da ɗaurin ƙirji suna daka maza na wucewa. Abinci kullum aceke, garin rogon nan da ake ci da kifi. Baƙo in ya zo sai an ba shi ruwa an tambaye shi labari kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, in zai tafi kuma wai sai ya roƙi a ba shi hanya. Wadda nake zazzage wa duk wannan ita ce maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar asalin Maraɗi da ta tsufa a garin. Takan ce min in bi a hankali, ni ce baƙuwa, ba su ba.

Mai gidan hayar dattijuwa ce Kirista, kowa Mama yake ce mata. Wallahi matar nan ta riƙe ni. Ita ta koya min cefane a kasuwa, tana nuna abu tana faɗin sunansa da Faransanci har sai na maimaita. Da na samu ciki laulayi ya kwantar da ni, ita ta sa ni a gbaka, ƙaramar bas ɗinsu, ta kai ni asibiti, ta zauna har aka sallame ni. Duk zamanmu da hannu muke magana.

Sai babban ɗanta, mai aiki a tashar jiragen ruwa, ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Na shiga na yi mata gaisuwa, na koma ina jiran a fito da gawa. Shiru. Kwana uku, mako guda, har mako uku ba a binne shi ba, yana can ɗakin ajiye gawa. Sannan aka fara kafa rumfuna a ƙofar gida, aka kawo kujeru da lasifika, aka fitar da anko. Mama ta aiko 'yarta ta kawo min nawa, na karɓa na jefa kan gado ko godiya ban yi ba.

Washegari da hantsi muna wanke-wanke a bakin famfo ni da Hajiya, Mama na zaune kan kujera 'yar tsugunno bai fi taku biyar da mu ba. Na buɗe bakina da Hausa, ko sassauta murya ban yi ba, na ce mutanen nan ba su da tausayi, sun sa ɗansu a firji kamar kifi mako uku, yanzu kuma ana ɗinkin anko sai ka ce biki. Na ƙara da cewa da tana sonsa da tuni ta kai shi makwancinsa. Hajiya ta mintsine ni, na dube ta na ga idonta ya raina fata.

Mama ta miƙe a hankali ta tako har gabana. Da Hausa ta yi min magana, Hausa tsaf ba gargada. Ta ce ƙanwarsa suke jira, tana ƙasar waje tana fafutukar takardun tafiya don ta ga fuskar ɗan'uwanta, sannan su kai shi ƙauye su kwantar da shi kusa da mahaifinsa. Ta dubi cikina ta ce in na haihu zan sani ko kifi ake ɗauka wata tara. Matan gidan suka fito suna tambayar me aka ce, wata ta fassara, tsakar gida ta kaure da hayaniya. Hajiya ta tura ni ɗaki ta ce in sa sakata. A nan na wuni, ina jin ana bubbuga ƙofar, ko ruwa na kasa sha.

Daga baya Hajiya ta gaya min Mama ta yi shekara talatin tana sayar da aceke cikin Hausawa a Adjamé. Da gangan take min Faransanci don in koya, kada in zauna kurma a garin mutane. Ankon kuma ba kowane ɗan haya aka ba ba, ni kaɗai ce, don 'ya ta ɗauke ni.

Bayan sun dawo daga ƙauye aka ce mu tashi. Mijina, wanda tun ranar da abin ya faru ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa, ya ɗauko dattawan 'yan kasuwa uku aka zo ba da haƙuri. Na durƙusa da cikina wata bakwai ina kuka. Mama ta saurare su har ƙarshe, ta ce ta yafe har zuciyarta, amma ba za ta iya buɗe ido kowace safiya ta gan ni a bakin famfon nan ba. Ƙarshen wata muka kwashe kayanmu muka koma wani bene a unguwar 220 Logements. A can na haihu, ba mai ƙwanƙwasa min ƙofa.

Shekara biyu bayan nan yayana ya kira ni daga Kano da safe, ya ce Innarmu ta rasu, ana mata wanka. Na san hukuncin addinina, ban kuma taɓa ja da shi ba. Amma na ji bakina yana roƙonsa su jira ni zuwa gobe, kwana ɗaya tak, in ga fuskarta. Ya ce in yi haƙuri in yi mata addu'a. Kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Na zauna da waya a hannu, ba wadda ta faɗo min a rai sai Mama.

'Yan'uwana mata da aure ko neman abinci zai kai ku ƙasar wasu, ku riƙe addininku da kyau, amma ku riƙe bakinku. Abin da ba ku gane ba ku tambaya, musamman in ya shafi mamacin wani, kuma kada ku ɗauka ba mai jin yarenku. Ankon nan yana ƙasan akwatina har yau. Na kasa ɗinka shi, na kasa bayar da shi.