Na San Shi Sarai

Kwanan baya wani cikin 'yan ajinmu ya turo saƙo a waya, wai mu tuna shekarar da muka gama sakandare. Ya jero abubuwa kaca-kaca: yadda Tunisiya ta tashi, Masar ta bi bayanta, teku ya haura ƙasar Japan, Sudan ta rabu biyu. Ya tuno fina-finan Turkiyya da aka juya zuwa Larabci, waɗanda 'yan mata ke kuka a kansu, da waƙoƙin da muke tura wa juna daga waya zuwa waya a bayan aji, da gardamar ƙwallon Sifen da ta sha raba abokai. Duk na tuna. Amma ni shekarar nan kalma huɗu ce a wurina, kuma wanda ya faɗe su yana cikin masu turo fuskar dariya a ƙarƙashin saƙon.

A Sabha ta ƙasar Libiya aka haife ni, a unguwar Gurda. Mahaifina magini ne daga Damagaram, ya zo da cebur da niyyar shekara biyu, ya yi talatin. Burinsa ɗaya, in karɓo shahada, wato takardar gama makaranta, in shiga karatun jinya, kada siminti ya cinye min hannu kamar nasa. "Lakwal dai, ɗana," haka yake cewa kullum. "Biki ya fi cebur sauƙin ɗauka." Makaranta da biro yake nufi.

Abokin zamana a benci ɗan wani ɗan kasuwar Libiya ne mai kai kaya Agadas. A bakin direbobin ubansa ya tsinci Hausa, yana yinta a karkace, mace da namiji duk "shi". Shekara shida muna tare. Ya ci tuwon uwata har ya san inda take ajiye yaji. Lissafinsa kuwa, in ba don takardata da yake leƙe ba, da har yau yana aji uku.

Mun rubuta jarrabawa yaƙi na can arewa, sai ga shi ya gangaro har garinmu. Gari ya sauya hannu, aka fara kiran duk wani baƙar fata murtazaƙa, sojan haya ke nan. Mahaifina ya ce in dakata, ni kuma na ƙi ji. Na ɗauki jakar leda mai takardar haihuwata da katin makaranta na nufi karɓo shahada. A hanyar unguwar Hajara na tarar da shingen samari masu bindiga, abokina yana zaune a kan motarsu, don ɗan baffansa ne babbansu. Wallahi da na gan shi sai hankalina ya kwanta.

Babban ya karɓi jakar, ya ce takardun jabu ne, sojan haya ne ni. Na yi masa Larabcin da ya fi nasa tsabta, ya ce ai haka ake koya mana. Sai na nuna abokina na ce a tambaye shi.

"Ka san shi?" in ji babban.

Abokina ya dubi takalminsa. "Ban san shi ba."

Kwana biyu na yi a kulle cikin wani shago. Da dattawan unguwa suka fito da ni, jakar ta tafi. Makaranta ta ce sai da takardar haihuwa, ofishin takardu ya ce ɗan baƙo ya je ƙasarsu ya nemo, ƙasar da ban taɓa takawa ba. Na yi ta zirga-zirga har takalmina ya ƙare. Mahaifina ya rasu bai ga shahadar ba, kuma har ya bar duniya bai ce min "na faɗa maka" ba. Wannan shirun ya fi duka ciwo.

Mutane suna cewa tsoro ne ya sa abokina, yaro ne. To ni tsoho ne a lokacin? In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Ban yafe ba, ban kuma yi kamar na yafe ba.

Yanzu ni ɗan kamasho ne a wani garejin unguwar Manshiya, inda ake loda manyan motoci masu ratsa sahara. A wurinmu ba a ɗora baƙo cikin ayari sai wani na gida ya miƙe gaban uban gareji ya ce "na san shi." Faɗin haka ɗaukar nauyi ne: in motar mutum ta mutu a rairayi za a tsaya masa, in ya ci amana kai za a nema.

Bara sai ga abokin nan nawa da mota guda ɗaya, ragowar dukiyar ubansa, yana neman shiga ayari. Ya yi teɓa, gashi ya zube. Da ya hango ni ya buɗe hannu. "Aboki! Ɗan'uwa nawa! Shi ya san ni tun lakwal!"

Uban garejin, wani dattijo Ba'adare, ya juyo. "Kai ɗan magini, gaskiya shikai? Ka san shi?"

Shekara da shekaru ina tanadin kalmominsa huɗu don in mayar masa da su yadda ya ba ni. Da lokacin ya zo sai na ga sun yi masa arha, kuma ƙarya ce, ni ba na son haɗa hali da shi.

"Na san shi, Baba," na ce. Fuskarsa ta washe. "Na san shi sarai. In rairayi ya riƙe motarka, aka tambaye shi ko akwai wanda ya rage a baya, zai dubi takalminsa."

Dattijon bai nemi ƙarin bayani ba. Ya ce wa masu lodi su sauke buhun da suka fara ɗorawa. Abokina ya tsaya yana kallona. Ni kuwa na koma kan igiyar da nake ɗaurewa, na ja ta da hannuwan nan da siminti ya riga ya cinye.