Ranar da Aka Ɓoye Ni Bayan Buhun Shinkafa

Har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai in fara neman wurin ɓuya, ko da mai kawo wasiƙa ne. Anti, ƙanwar mahaifiyata da nake zaune a wurinta nan Greensboro ta Amurka, ta ce in dage da addu'a zai wuce. Ita ce fa ta shuka mini tsoron, yanzu kuma ta koma mai ba da magani.

Tun da na zo daga Maradi takarduna suke hannun lauya. An ba ni izinin aiki, amma ba a yanke hukuncin zamana ba, kuma kullum lauyan cewa yake in kwantar da hankalina, don shi nasa a kwance yake. Anti kuwa kowace safiya sai ta kunna mini saƙonnin murya na guruf ɗin matan garinmu a mota: an kama wani a Atlanta, an kama wata a wurin aiki, an kama wani yana cikin shan shayi. Ba wadda ta san sunan ko mutum ɗaya, amma kowace ta rantse.

"In kika ga masu kaki kada ki buɗe ƙofa," in ji Anti. "Kada ki yi magana. Kada ki gudu. Kada kuma ki tsaya."

"To me zan yi, Anti?"

"Ke dai ki yi hankali."

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ejensin da nake wa aiki ta tura ni wani gida a Sedgefield, unguwar da ciyawar filin golf ta fi ni samun kulawa. Tsohuwa ce 'yar Taiwan, ta haura tasa'in, mantuwa ta fara cin ta. 'Yarta likitar haƙori ce, da safe take fita sai yamma. Ta ce in riƙa kiran uwar Ama, wato kaka a bakinsu.

Ranar farko na durƙusa na gaishe ta, abin ya yi mata daɗi, ta dafa kaina. Sai na ɓata rawata da tsalle: na ce ai ina son mutanen China, suna da kirki. Ta janye hannunta ta yi mini kallon da ake yi wa ƙudan da ya faɗa miya. Ina ruwana? A lakol, makarantar bokonmu, an haddasar da mu kogunan Faransa kaf, har da tsawonsu, ba wanda ya taɓa nuna mana Taiwan a taswira.

Sai da ta hukunta ni da tarihi. Muna zaune a kicin muna gyaran wake ɗanye, ita da Turancinta mai ɗingishi, ni da nawa mai rarrafe, take ba ni labari. Ba ta tuna abin da ta ci da safe, amma masu mulkin ƙasarsu ta san su kamar jikokinta. Ta ce tsibiri ne, kuma duk wanda ya mallaki jirgin ruwa sai ya ga ya dace da shi. Mutanen Holan sun zo sun kafa ganuwa, 'yan Sifen ma sun ɗan taɓa a arewa, daga baya sarakunan China suka karɓa. Da sarakunan suka sha kashi a hannun Japan sai suka miƙa tsibirin da mutanen da ke kansa, kamar a ba da akuya da igiyarta.

"An tambaye ku?" na ce.

"An tambaye mu mana," ta ce. "An tambaye mu haraji."

'Yarta ta taɓa tsoma baki ta ce su ma fa kakanninsu ƙetarowa suka yi daga China suka tarar da masu ƙasa, suka ture su can kan duwatsu. Ama ta yi kamar ba ta ji ba. Kurumtarta na da zaɓi.

A ƙarƙashin Japan aka haife ta. A makaranta aka ba ta sunan Japan, aka koya mata yaren Japan, aka ce ta zama 'yar sarkin Japan, ta gode. Tana cikin godiya yaƙi ya ƙare, sojoji suka sauko daga China suka ce sun zo ceton 'yan'uwansu. Sabon yare, sabon lafazin sunanta, sabon hoto a bangon aji. Yaren da uwarta ta yi mata rarrashi da shi kuwa, a wajen duka biyun laifi ne. Yaron da aka kama yana yin sa sai a rataya masa allo a wuya ya wuni da shi.

Nan na ajiye waken. Na ce mu ma a lakol akwai sambol, wani ƙashi da aka ɗaure da igiya, duk wanda ya yi Hausa a rataya masa, kuma ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Ni na sha wuni da shi. Ama ta kalle ni tsaf, ta ce, "Nawa kuka samu?"

"Me?"

"Masu ceto."

"Faransa ce kawai."

"Ɗaya tak? Yara ne ku."

Abu biyu nake fama da ita a kansu. Na farko jaka. Wata tsohuwar jakar hannu ce take ajiyewa a gindin ƙofar shiga, a ciki akwai tawul, sabulu, safa da riga mai ɗumi. In na ɗauke don in share wurin sai ta bi ni da sanda. Na tambaye ta tafiya za ta yi? Ta ce tana yarinya, bayan zuwan masu ceton, aka yi wani tashin hankali, aka shiga bin gidaje ana ɗibar masu ilimi. Babanta malamin makaranta ne, yayanta ɗalibi. Da rana tsaka aka buga musu ƙofa. Uwarta ta cusa yayan a rumbun shinkafa, uban ya sa farar riga ya buɗe ƙofa ya ce ba kowa a gidan sai shi. Masu bugun suka ce tambayoyi ne kaɗan, yanzu zai dawo. Ko tawul bai ɗauka ba. Uwar ta rayu shekaru masu yawa tana cewa da ma ya tafi da riga mai ɗumi.

Na ji tausayi, amma a raina na ce wannan tsohuwa da ɗaukar wa kai. Tana Amurka, da fasfo ɗinta shuɗi, a unguwar da ko kare bai cika haushi ba, wa zai zo ɗaukarta? Ni mai dalilin haɗa jaka ban haɗa ba.

Na biyu maɓalli. 'Yarta ta saya mata wani abin wuya mai maɓalli, in ta faɗi ta danna a kawo ɗauki. Ama ta tsane shi. Ta ce ta gama rataya abu a wuya tun tana 'yar makaranta. Da na sa mata sai ta cire ta jefa a kwandon shara, ko tukunya, sau ɗaya ma a masai. Da na gaji da tsamowa sai na yi dabara irin ta masu ilimin sakandare: in ta cire, in rataya a wuyana ƙarƙashin hijabi, kada ya ɓata a ce ni ce.

Ranar da abin ya faru na ba ta abincin rana, na zaunar da ita gaban talabijin, na shiga ɗakin baya na ta da sallar azahar. Ina cikin raka'a ta biyu na ji wata murya a falo tana Turanci da ƙarfi, Ama tana amsa mata da yaren Japan. Na ce talabijin ce, don ta saba musu da masu karanta labarai. Na idar, na yi addu'o'ina, na roƙi Allah ya nisanta ni da masu kaki, na shafa. Na shiga kicin na fara wanke kwanoni.

Sai aka buga ƙofa. Ba bugun maƙwabci ba, bugun wanda ba ya tunanin za a hana shi shiga. Daga kicin ana hango gilashin ƙofar mai dishi-dishi: mutum biyu, manya, kaya masu duhu, wani abu yana ƙyalli a ƙirjinsu, rediyo yana ƙara. Kofin da ke hannuna ya faɗi. Duk shawarwarin Anti suka zo mini lokaci ɗaya, ban gudu ba, ban tsaya ba.

Ban san lokacin da Ama ta taso ba. Matar da sai na riƙe ta take miƙewa daga kujera, ita ce ta damƙi hannuna har farcenta ya shige ni. Ta ja ni zuwa sito, ta nuna bayan buhun shinkafa, ta danna kaina ƙasa. Idonta tar, ba mantuwa ko kaɗan.

"Kada ki yi tari," ta ce. "Ko me kika ji, kada ki fito."

Ta rufe ni. Na ji jan silifas ɗinta, na ji ta buɗe ƙofa. Ta gaishe su da yaren Japan, da ba su amsa ba ta sauya wani, sannan ta sauko Turanci. Wato tana gwada makullai ne ta ga wane mai ceto ne ya zo wannan karon.

"Mama, lafiya kike? Akwai wani tare da ke?"

"Ni kaɗai ce. Ba kowa a gidan nan."

"Ba mai kula da ke?"

"Ba kowa. Ni kuke nema. Mu tafi."

Na ji ƙarar zif ɗin jakar. Ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa a ruɗe take, kuma an bar ta ita kaɗai, ba za su tafi su bar ta haka ba. Ya yi magana a rediyo ya ce za su tafi da ita.

Ina so in ce jarumtaka ce ta taso mini, amma ba ita ba ce. Ina tsugune, ina ganin kaina a jirgi da ankwa, ina jin yadda za a yi saƙon murya a kaina gobe, a ce an kama wata tana cikin wanke kwanoni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta sha maganin rana ba, kuma silifas ne a ƙafarta, in ta taka matakalar waje ba mai riƙe ta ta hagu faɗuwa za ta yi. Su ba su san ta hagu ake riƙe ta ba.

Na fito hannuwana a sama, shinkafa tana zuba daga hijabina, na ce da iyakar muryata, "Ina da lauya!"

Suka juyo. A bayansu, ta ƙofar da ke buɗe, ga wata ƙatuwar jar mota ta cika titi, wadda ko makaho ya leƙa taga zai gani. 'Yan kwana-kwana ne. A ƙasar nan ko tsohuwa ce ta zame su ake fara turowa.

"To, madalla," in ji babban cikinsu. "Ke ce mai kula da ita? Wa ya danna maɓallin?"

Muka dubi wuyan Ama, ba komai. Na sa hannu ƙarƙashin hijabina na zaro shi, yana ta ƙyafta jar wuta. A sujada na danne shi da ƙirjina. Muryar da na ji a falo ta kamfanin maɓallin ce, suna tambaya ko lafiya. Ni na kira masu kaki da kaina, a cikin sallar da na roƙi a nisanta ni da su.

Ba su tambaye ni takarda ko ɗaya ba. Sun duba katin aikina, suka auna jinin Ama, suka kira 'yarta a waya, ƙaramin cikinsu yana ta cije leɓe kada ya yi dariya. Suka ce a wuyanta ake so ya zauna, ba nawa ba. Suka yi mana fatan wuni lafiya suka tafi.

Ina rufe ƙofa Ama ta ɗaga sanda ta sauke mini a ƙwauri.

"Sakarya," ta ce. "Wanda aka ɓoye ba ya fitowa. Yayana bai fito ba, ya yi jikoki."

"Ama, da sun tafi da ke."

"To ba ga jakata ba?"

Na zaunar da ita, na ba ta magani. Kafin la'asar ta manta komai, tana tambayata wa ya watsa shinkafa a ƙasa, wace irin ƙazamar yarinya aka kawo mata. Ita ta sauke, ni aka bar wa kayan.

Da yamma 'yarta ta dawo ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce jakar nan ce ke tayar wa uwar da tsohon ciwo, za ta ɗauke ta. Ta miƙa hannu, na riga ta. Na ce ta bar ta inda take, ni zan riƙa share gefenta. Anti kuwa da na ba ta labari a mota ta yi salati, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗauki waya. Washegari na ji labarina a guruf: wai an zo kama wata yarinya a Sedgefield, wata 'yar China ta ɓoye ta.

Na karɓi wayar Anti, karon farko da na taɓa magana a guruf ɗin. Na ce, "'Yar Taiwan ce."