Gemun Kawu bai zube ba

"Kai, Malam, ai ka warke! Ga gemu nan yadda yake."

Haka wani maƙwabci ya ce wa kawuna jiya a ƙofar gidansa a Madabo. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ni da nake kai shi asibiti na san ba haka ba ne. Kansar hanji ce ta bazu har hantarsa. Maganinsa ba irin na ƙarin ruwa ba ne mai zaga duk jiki. Siririn bututu likitoci suke zurawa ta jijiyar cinya, su kai maganin cikin hantar kai tsaye. Shi ya sa gashinsa bai zube ba. Amma duk ranar da aka yi masa, zazzaɓi da ciwon ciki ko juyi ba sa barinsa ya yi.

Mutanen unguwa kuwa zubewar gashi suka sani. Da suka ga gemu yana nan, sai 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa. Tabarmar soro ma an naɗe ta.

Da muka shiga ciki na ce, "Kawu, don me ba za ka faɗa musu gaskiya ba?"

Ya ce, "In an ce ya jiki, ka taɓa jin wanda ya ce babu sauƙi?" Ya shafa gemun. "Da ma ya zube. Da har yanzu suna zuwa mini hira."

Tun jiya nake tuno waɗanda suka ce mini da sauƙi, na yarda, ban sake komawa ba. Ku fa, wa kuka daina dubawa?