Matar da Ta Bi Mijin Rauda Har Gona

Ƙarfe bakwai na safe Malama Batula Jumare take buɗe ɗakin awo a ƙaramin asibitin da take aiki a Tambuwal. Takan share wurin da kanta, don ba ta yarda da sharar kowa ba, sannan ta zauna jiran mata. Wadda ta zo awon ciki ko rigakafin yaro ba ta fita sai Malama ta koya mata yadda za ta riƙa laluba nononta ko akwai ƙullutu. Shekara talatin da biyu ke nan tana wannan naci, har mata suka sa mata suna Mai-laluba. A watan nan ta yi ritaya.

Ni malamin firamare ne, kuma ina cikin waɗanda ta ba kunya. Ƙanwata Rauda tana aure a wani ƙauye kusa da Kebbe. Shekara biyar da suka wuce ta zo ganin gida, Malama ta ji ƙullutu a nononta na dama, ta tura ta Sakkwato. Aka ce ciwon daji ne, aka yi aiki aka cire. Likita ya ce saura ƙarin ruwan magani sau shida. Rauda ta yi na farko, ta sha amai, ta rame, ga kuma rauni ya warke sarai. Mijinta Na'Allah ya ce an gama, ba za a ƙara wahalar masa da mata ba. Ni ma, da ilimina da komai, na goya masa baya.

Ranar zuwa na biyu ta wuce. Malama ta yi waya sau uku, Na'Allah ya daina ɗagawa. Sai ta hau kabu-kabu, mace mai ciwon gwiwa, ta bi hanyar Kebbe washegarin ruwan shuka. A gona ta same mu, don na je taya shi shuka, yana sara da sungumi, ni ina binsa da ƙwaryar iri.

Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Na'Allah, ƙwara nawa kaka zubawa rami guda?"

Ya yi dariya. "Malama, gero na fa. Wa ka ƙirga shi? Da yawa dai."

"Mi yas sa ba ka sa guda?"

"Guda ba ta iya fasa ƙasa. Sai sun taru su ɗaga ta tare."

Nan ta zauna a kan kunya ta yi mana bayanin da likitoci suka yi wa ma'aikata irinta a wurin kwas. Ciwon nan, in ji ta, tun kafin a cire shi yana iya sakin 'yan ƙwayoyi cikin jini. Wadda ta fita ita kaɗai yawanci mutuwa take yi a hanya. Amma waɗanda suka ɓalle a dunƙule, suna manne da juna, sun fi jure tafiya, kuma su ne suka fi kama wuri a ƙashi, ko hanta, ko huhu, su tsiro a can.

"Wuƙar likita ta ɗebe abin da ido ya gani," in ji ta. "Waɗanda sunka riga sunka fita, magani kaɗai ka bin su. Ban ce akwai su jikin Rauda ba. Amma kai ma ba ka iya rantse mani babu su."

Na'Allah ya kalli ramin da ke gabansa. Sai ya jingine sungumi ya ce, "Yaushe anka ce mu koma?"

Malama Batula, ke ce kika raka su a tafiyar nan, kika riƙe wa Rauda roba tana amai a mota. Ke ce kika riƙa waya kafin kowace ranar magani, har Na'Allah ya ce ko surukarsa ba ta takura masa haka. Ba kowace mace da kika bi ce ta rayu ba. Na ga hawayenki a ta'aziyyar biyu daga cikinsu. Duk da haka ba ki daina bi ba. Ina alfahari da cewa garinmu ne ya haife ki.

Mun gode, Mai-laluba. Allah ya saka, ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma ma'aikatan da ta bari, in mace ta daina zuwa, ku bi ta. Maza 'yan'uwana, kada warkewar rauni ta ruɗe ku kamar yadda ta ruɗe ni.

Wani abu guda aka ɓoye miki, Malama. Tuwon da kika yaba a walimar sallamarki, har kika tambayi wa ya yi, Rauda ce ta taso daga Kebbe ta tuƙa shi, ta hana kowa taɓa muciyar.