Butar Shayin da ta Fitar da Baba daga Ɗaki

Ko zan manta komai na zamanmu a Kafanchan, ba zan manta shekarar da ciwon zuciya ya kwantar da babanmu ba. Bai daɗe da barin aikin jirgin ƙasa ba likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya riƙa ɗan tafiya. Baba kuwa ya ɗauka an yanke masa hukunci. Ya shige ɗaki, ya tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa, yana jiran Ubangiji. Ni dai tsoro ya cika ni.

Sai wata 'yar cocinmu ta gaya wa Mama wai koren shayi yana da wani sinadari mai taimakon zuciya. Mama ta sayo, ta juye ganyen duka a tukunyar miya, ta dafa shi kamar saiwar maganin shawara, ta cika kwano. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya tofar. "Ke, idan kashe ni za ki yi, ki bari ciwon ya yi aikinsa!"

Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin citta daga Kachia, ya jiyo ta katanga. Ya yi dariya har da tari. "Haba Madam, ai ba dauri ba ne! Shi wannan ba a shan sa a kwano, kuma ba a shan sa a kwance."

Da la'asar ya zo da 'yar buta da gawayi, ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙi shiga. "Oga, fito. Amma sai ka haɗiyi ƙwayarka zan zuba maka." Kunyar baƙo ta sa Baba ya lallaɓo. Bayan kwanaki Alhaji ya ce hayaƙi yana damun Mama, ya koma gindin mangwaro. Daga baya ya ce kai, shi tsoho ne, ba zai iya barin shago ba, sai dai Baba ya same shi can. Wayyo, wayon dattijon nan! Mu muna ganin shayi ne yake aiki, ashe mutum ake ja da ƙafarsa.

Ranar da na ga Baba ya sa hula, yana taka layin dogo zuwa shagon Alhaji a kasuwa yana yi wa Mama tsiya, na shiga bayan gida na yi kuka. Likita ya ce shayin ba laifi, amma kada a kuskura a bar ƙwayoyi. Baba ya rayu har ya ɗauki ɗana na fari.

Ban san iyakar abin da ganyen ya yi ba. Abin da na koya shi ne, marar lafiyar da ya fid da rai ba magani kaɗai yake nema ba, yana bukatar wanda zai jira shi a waje kullum. Allah ya jiƙan Alhaji.