Baba Auna-Tukuna Ya Ajiye Ƙarfen Dalma

Shekara talatin da takwas ke nan yana buɗe shagon da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Kafin ya taɓa kayan kowa sai ya goge teburin, ya jona ƙarfen narka dalma ya bar shi yana zafi, sannan ya ɗauko tsohuwar mitarsa ta auna wuta mai allura, wadda aka ɗaure bayanta da roba tun da murfin batirin ya ɓata. Ya haɗa bakin wayoyinta biyu ya ga allurar ta tafi har ƙarshe. In ba ta tafi ba, aiki bai fara ba.

Shagon bai fi ɗakin girki ba. Gwangwanayen madara ne jere a kan katako, cike da ƙananan kayan gyara, kowanne da takarda manne a jikinsa. Rubutun matarsa ne, don nasa ko shi ba ya iya karantawa bayan kwana biyu.

Da gyaran rediyo da caja da inbata ya ciyar da iyalinsa. Amma abin da unguwa za ta fi tunawa shi ne dogon bencin da ke ƙofar shagon. Duk Asabar da hantsi benci ya cika da masu sha'awar haɗa kayan lantarki da hannunsu: wani direban motar haya, wani malamin makaranta, wata ma'aikaciyar jinya da ke haɗa fitilun sola. Kowa ya rungumo abin da ya haɗa a gida ya ƙi aiki. Da mutum ya ce, "Baba, ina ga abu kaza ne ya mutu," amsar ɗaya ce: "Auna tukuna." Da haka sunan ya bi shi, har jikokinsa na kiran sa da shi in sun tabbata ba ya kusa.

Direban nan ya taɓa kawo amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da ya haɗa, tana warin ƙuna. Baba ya buɗe, ya tarar an cire fiyus an naɗa waya a wurinsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Kullum ƙonewa yake, na gaji da canzawa."

"To ai mai gadin gidan ke nan. Yana ta ihu ɓarawo ya shigo, kai kuma ka sallame shi don ya hana ka hutawa."

Benci ya kwashe da dariya, har da direban. Ranar ya koya musu su riƙa sa ƙwan fitila a kan hanyar wuta kafin su jona abin da suke shakka. In ƙwan ya yi haske sosai ya tsaya a haka, akwai inda wuta ke bin gajeriyar hanya, a kashe a nemo. Ya kuma nuna musu tabon da ke babban yatsansa, ya ce kafasita ce ta ba shi tun yana sabon shiga. Tana riƙe wuta ko bayan an cire abu daga soket, don haka a sauke mata wutar kafin a kai hannu.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, ya ce gajiya ce. Daga baya dalma ta fara zuba inda bai nufa ba. Ya koma jingina gwiwar hannunsa da tebur, yana juya wa ƙofa baya in zai yi aiki mai ƙanƙanta. Matarsa ta gane tun daga yadda shayi ke zuba a faranti, sai kawai ta daina cika masa kofi. Abin da ke cin sa a rai shi ne bencin. Yana ganin ranar da suka san hannun ya tafi, ranar za su daina zuwa.

Tela, maƙwabcinsa na shago, shi ya ga abin da ya faru wata Talata da azahar. Wata mai kiwon kaji ta sauka daga babur, mayafinta na ja a ƙasa, ta rungume wani ƙaramin akwati. 'Yar benci ce, ba ta fi wata shida da fara zuwa ba. Mijinta ya fara haɗa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, rai ya yi halinsa kafin ya gama, ya bar ta da marayu, ita ta ƙarasa ta da shawarar Baba. Ƙwai ɗari da ashirin ne a ciki, saura kwana huɗu su ƙyanƙyashe, sai akwatin da ke ba na'urar wuta ya fara ɗaukewa.

"Baba, na rufe su da bargo, na sa kwalaben ruwan zafi, na bar innata tana canzawa. Amma suna hucewa. Na canza abu uku tun safe, babu."

"Zauna, 'yata. Me mita ta ce miki?"

"Sha biyu cif, yadda ya kamata. Shi ne abin da ya ruɗa ni."

"Da kaya a kansa kika auna, ko babu?"

Ta ce babu. Ya jawo ƙwan fitilar mota ya jona a akwatin don ya ja wuta kamar yadda na'urar ke ja. Allura ta faɗo daga sha biyu zuwa bakwai. Ya ɗauki gindin biro yana ƙwanƙwasa allon da ke cikin akwatin a hankali, wuri bayan wuri. Da ya zo wata kusurwa sai allurar ta yi tsalle, ƙwan ya haska. Ya ɗora gilashin ƙara girma: dalmar da ta riƙe ƙafar wani ƙaramin abu ta tsage, siririyar tsaga kamar gashi.

Aikin minti ɗaya ne. Ya cire wuta, ya sauke ta kafasita, ya ɗauki ƙarfen. Bakin ƙarfen ya yi ta kai da kawowa a kan allon. Kusa da wurin akwai wasu hanyoyi biyu sirara, in dalma ta haɗe su akwatin ya tafi gaba ɗaya. Ya gwada sau biyu. Tela ya ce ya ga gumi na bin wuyansa. Sai ya mayar da ƙarfen mazauninsa.

"'Yata, hannuna ba zai iya ba. Ya daɗe da daina jin maganata. Zo ki zauna a kujerar nan."

"Baba, ni? Dalmata kullum kamar an tauna cingam an manna."

"Yau za ta gyaru. Taɓa ƙafar da ƙarfen tukuna, ki ƙirga uku. Kada ki narka dalma a kan ƙarfe, ki kai ta jikin ƙafar ta sha da kanta. Yawwa. Ɗaga. Kada ki hura."

Dalmar ta kwanta tana sheƙi. Aka jona, allura ta hau sha biyu ta tsaya, ƙwan na ci. Ta miƙe za ta fita da gudu, sai ta dawo ta durƙusa ta kama hannun nan mai rawa da hannayenta biyu. Bai ce komai ba sai, "Tafi, suna jiran ki."

'Yan tsaki casa'in da bakwai suka fito. Asabar ɗin da ta biyo baya Baba ya fito ƙofar shago yana shirin ganin benci wayam, don ya san magana ta zaga. Ya tarar an ƙaro kujeru daga shagon Tela. Direban ya ce, "Baba, mu dama bakinka muke zuwa ji. Hannu kam muna da shi har ya yi mana yawa."

Baba, kai ne ba ka taɓa raina tambayar kowa ba. Kai ne ka zauna awa biyu da malamin makaranta kan rediyon da sabonsa ma bai kai a tsaya ciniki ba, don kawai ka ga yana son ya gane. Sau nawa ka ce "ban sani ba, mu duba tare" a gaban mutanen da ka haifi sa'anninsu? Ba ka ɓoye wata dabara don a riƙa dawowa wurinka ba. Ranar da hannu ya ƙi kuma, ba ka yi caca da ƙwan marayu don ka rufa wa kanka asiri ba.

Ƙarshen watan nan zai daina karɓar gyara. Likita ya ce ya huta, 'ya'yansa ma sun matsa. Ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ranar Asabar babu mai hana shi fitowa.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri, ya saka wa Inna, matarka, da ta yi haƙuri da ƙamshin dalma a tufafinka duk shekarun nan. Ku kuma masu sana'a a hannu, ko wace iri ce, akwai wanda ke tsaye a ƙofarku yana leƙen yadda kuke yi, kunya ta hana shi tambaya. Ku matsa masa kujera, ku miƙa masa kayan aikin tun kuna da ƙarfin tsayawa a kansa.