Malamin da Ya Rufe Littafinsa

A Toranke na tashi, a gidan kakanmu Malam Habu, wanda ban taɓa gani ba domin ya rasu kafin a haife ni. Abin da na tarar nasa shi ne zauren da yake ba da karatu, da kuma matarsa Iya Dije, wadda ta haifi mahaifinmu. In an kawo amfanin gona gida, da an idar da sallar isha'i sai Iya ta zauna bakin murhu ta iza wuta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa da ƙoƙonsa, muna ɓare gyaɗa. Ladan aikinmu tatsuniya ce. Ni Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta rasa abin tsokanata.

"Maigida, hannun nan naka ya fi sanin hanyar baki a kan hanyar ƙoƙo," in ji ta. "Ku gyara zama, ga wata nan tafe."

Yawancin tatsuniyoyinta na kura ne da 'yan awaki, masu waƙa a tsakiya, tana yi muna amshi. Amma akwai guda ɗaya da babu dabba a cikinta, babu waƙa. Ba kasafai take yin ta ba, kuma in za ta fara sai ta ajiye ƙoƙonta, ta zuba wa wuta ido maimakon fuskokinmu.

Wai a wani gari an yi wani malami mai daɗin murya, wanda manya da yara ke cika zaurensa. Yana da ƙane guda ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu aka raba musu gona, sai rigima ta tashi a kan wata bishiyar ɗorawa da ke kan iyaka. Magana ta yi zafi, malamin ya faɗa wa ƙanensa abin da ba a faɗa wa ɗan'uwa. Ƙanen ya kwashi iyalinsa ya bar garin. Shekaru suka wuce, babu mai taka ƙofar wani.

Wata rana malamin yana ba da karatu, ya buɗe shafi sai ga babin sada zumunci. Ya karanta layin farko ya tsaya. Ɗalibai suka fara duban juna. Sai ya rufe littafin ya ce, "Wannan babin ya fi ƙarfina yau. Ni ne mutumin da yake magana a kansa. Ku jira ni in je in dawo." Ya sa takalmi ya kama hanya a ƙasa, bai tsaya ba sai ƙofar gidan ƙanensa. Ya yi sallama. Ƙanen ya fito, suka tsaya suna kallon juna, sannan malamin ya ce, "Na zo ne ka yafe mini, ina da karatun da ba zan iya bayarwa ba sai ka yafe." Suka rungume juna. Da ya koma gida ya buɗe littafin, ya karanta babin, ƙanensa na zaune a cikin ɗalibai.

Nan take tsayawa. Mu dai ba ta burge mu ba, domin ba a cinye kowa ba, ba a kuma kori kowa da sanda ba. Na taɓa tambayarta sunan garin.

"Gari ne mai nisa, Maigida," ta ce. "Ɓare gyaɗarka."

Na girma, na tafi Kano neman ilimi, na dawo na zauna a Gaya. Mutanen unguwa suka damƙa mini ba da karatun tsakanin magariba da isha'i a masallacinmu. Iya ta rasu ina da 'ya'ya biyu. Tatsuniyar nan kuwa ta zama abin adona. Duk lokacin da muka zo babin zumunci sai in kawo ta, in ga kawuna suna gyaɗawa, in ji daɗi a raina.

Wata shekara Baffa Isa, yayan mahaifinmu, ya zo Gaya ganin likita ya sauka a gidana. Ya bi ni masallaci, ya zauna a baya, aka yi dace ranar na ba da labarin. Muna tafiya gida, da muka kusa ƙofa sai ya tambaye ni.

"Wa ya ba ka labarin nan?"

"Iya ce, Baffa. Tatsuniyarta ce."

"Ba tatsuniya ba ce. Malam ne, mahaifinmu, da ƙanensa Mamman da ya koma Balan. Ɗorawar tana nan a gonar gabas, ka sha hawa kanta." Ya dafa bango ya numfasa. "Sai dai Malam bai rufe littafin ba."

Ya ce ranar da za a kai babin, Iya ta tare Malam a tsakar gida ta roƙe shi ya je Balan tukuna. Malam ya ce mata ilimi amana ne, dole ya isar da shi ko ya aikata ko bai aikata ba, kuma shi ne babba, Mamman ne ya kamata ya zo. Ya shiga zaure ya karanta babin da muryar nan tasa, har wasu suka yi hawaye. Wani ɗalibi ya tashi daga nan ya je ya shirya da yayarsa. Damina ba ta fita ba aka aiko Mamman ya rasu. Malam ya je jana'iza, aka ce ya shige gaba ya yi salla, ya kasa ɗaga murya, sai wani ne ya ja. Daga nan har ya koma ga Allah, in karatu ya zo babin nan sai ya ce wani ɗalibi ya karanta, shi ya sunkuyar da kai.

Na daɗe ina juya maganar. Malam bai yi ƙarya ba, malami ba ya ɓoye gaskiya don shi ya gaza. Amma da ya faɗa wa ɗalibansa cewa shi ma abin ya kama shi, da bakinsa ya tura ƙafarsa. Ya karantar da kowa a zauren nan ban da mutum ɗaya, shi kansa. Iya kuwa ba ta so ta zubar da mutuncin mijinta a gaban jikokinsa, ba ta kuma so mu gaji halin. Sai ta ba mu labarin yadda ta so a ce ya kasance. Abin da ke ci mini rai shi ne ta rasu ban san nauyin da take ɗauke da shi ba, balle in zauna kusa da ita in ce ta ba ni na gaskiyar.

Bayan Baffa ya koma, na hau babur na tafi Balan. Na yi tambaya aka nuna mini gidan 'yar Mamman, Gwaggo Ladi, tsohuwa ce idonta ya yi rauni. Na yi sallama, na faɗi ko ni jikan wane ne.

"Baba ya jira sallamar nan," ta ce. "Ko wa ya yi sallama a ƙofa sai ya ce mini, Ladi, leƙa ki ga ko Yaya ne. Har ciwonsa na ƙarshe."

Ta kira jikarta ta ce ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na zauna a gabanta, ni da kullum nake magana a gaban jama'a, na rasa ta inda zan fara.